Yayana Ya Ce Gudu Ne Ke Rage Shan Mai

 

Ni ɗan Maiduguri ne, aiki ya zaunar da ni a Kano, ni da Yayana da muke ciki ɗaya. Duk Sallah mukan haɗa iyalanmu mu tafi gida gaida Hajiya a motata ƙirar Sienna, mu raba kuɗin mai biyu. Shi yake tuƙi, don ya girme ni, kuma ya riga ni sanin mota.

Damuwata ita ce ba ma barin Kano sai wajen ƙarfe goma na safe, saboda shirin yara da ɗaure kaya a saman mota. Da mun haye gadar Wudil sai Yaya ya danne totur, maleji ya kai 140, wani lokaci ma ya wuce. In na yi magana sai ya ce dole mu shiga Maiduguri da rana, kuma wai gudun ma tattali ne, domin injin da ya yi awa shida yana aiki ba zai sha man wanda ya yi awa takwas ba. A gangare yana sa motar a firi, ya kashe na'urar sanyi ya sauke gilasai, duk dai don mai ya yi auki. Amma cikon tanki bai taɓa kai mu gida ba, sai mun ƙara a Damaturu. Da can ban damu ba, yanzu kuwa da mai ya yi tsada abin yana taɓa ni. Ga shi maman yara ta ce bana ba za ta shiga motar ba in shi zai ja.

Malam, shin Yaya yana da gaskiya? In ba shi da ita, ta yaya zan faɗa masa ba tare da ya ga na raina shi ba?

Naka, Baban Ummi, daga Kano.

To, Baban Ummi. Allah ya bar zumunci, ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Bari in fara da inda Yayanka yake da gaskiya, domin akwai. Son da yake yi ku shiga Maiduguri da rana ba rigima ba ce. Duk wanda ya san hanyar Damaturu zuwa Maiduguri, wajen kilomita 130 ɗin nan da ta ratsa Ngamdu da Benisheikh da Mainok da Jakana, ya san ba hanyar da ake so dare ya riski mutum a kanta ba ce. Ba mu manta daren 9 ga Fabrairun 2020 ba, lokacin da matafiyan da suka tarar an rufe hanyar shiga gari suka kwana a Auno, aka far musu, aka kashe aƙalla mutum 30. Mutumin da ya ɗauko mata da yara, wannan abu yana ransa, ba za a ce masa mai ganganci kai tsaye ba. Tsoronsa yana kan hanya. Maganin da ya zaɓa ne ba daidai ba.

Maganar awa shida da awa takwas tana da daɗin ji, kuma na sha jin ta a bakin direbobi, sai dai nisa ne da wahalar da injin ya sha wajen cin nisan suke ƙayyade man da za a ƙona. A kan buɗaɗɗen titi, babban abin da mota take fama da shi iska ce. Ka miƙa tafin hannunka ta taga ana tafiya a 60, ka sake miƙawa a 100, za ka ji yadda ake tura shi baya. Wannan turin ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa yake yi. In gudu ya ninka biyu, turin iska ya ninka huɗu. Daga 100 zuwa 120 ya ƙaru da kashi 44 cikin 100, daga 100 zuwa 140 kuwa saura ƙiris ya zama biyu. Fetur ne ake ƙonawa a ture wannan iska, kuma Sienna mota ce mai tsayi da faɗin gaba, balle an ɗora mata buhuna da akwatuna a ka. Yawancin motoci sun fi yin auki a giyar ƙarshe, tsakanin 70 da 90. Wannan ne ya sa da ƙasashen Larabawa suka tsuke wa Amurka mai a 1973, gwamnatinta ta kafa doka a 1974 cewa kada a wuce mil 55 a awa, wato kusan kilomita 90, don mai ya isa.

Mu yi lissafi a kan taku tafiyar. Kano zuwa Maiduguri ta Wudil da Azare da Potiskum kusan kilomita 600 ne. Mu ɗauka motarka tana shan lita 10 a kowane kilomita 100 in ana tafiya a natse, ka ga lita 60 ke nan, kuma tankin Sienna ya fi haka. In gudun Yaya da kayan sama suka ƙara kashi ɗaya bisa uku, wanda ba abin mamaki ba ne, an koma lita 80. Nan tsayawarku a Damaturu ta samo asali. Lita 20 a zuwa, lita 20 a dawowa, ka buga da kuɗin lita a gidan man unguwarku. Kafin 29 ga Mayun 2023, lokacin da lita ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba, ana iya kawar da kai. Tun da aka cire tallafi, wannan kuɗin cefanen gida ne na kwanaki.

To me aka saya da wannan kuɗi? Kilomita 100 a gudun 100 minti 60 ne. A 120 minti 50. A 140 minti 43. Sannan ba duk hanyar ake iya gudun ba. Akwai garuruwa, akwai shingayen bincike, akwai tireloli, akwai inda hanyar ta lalace. In ma muka yi wa Yaya adalci muka ce rabin hanyar ce yake samun 140 ɗinsa, kilomita 300, lokacin da ya rage wajen minti 51 ne kacal. Cikin wannan a cire layin gidan mai na Damaturu, da sauka da hawan yara da ke biyo bayan kowace tsayawa. Ribar da ta saura ba ta taka kara ta karya ba.

Awannin da kuke nema a gida kuka bar su. Tsakanin idar da sallar asuba da ƙarfe goma akwai awa huɗu ko fiye, kuma babu totur ɗin da zai dawo da su. Ku ɗaure kaya tun da dare, ku cika tanki ana gobe tafiya, yara su kwana da shirinsu, a zuba abin kari a kula. Mai barin Kano ƙarfe shida yana wuce Mariri da Wudil kafin hanya ta cika, ya ci rabin tafiya da sanyin safiya. Ku kuma duba ranar tashi: Juma'a kasuwar Wudil ke ci, Laraba ta shanu a Potiskum, kuma motocin dabbobi ba sa sauri don kowa. Tsayawa ita ma a tsara ta. Mota mai ɗauke da iyali biyu in ta tsaya "minti biyar", rabin awa ne. Gara a tsaya sau biyu da niyya, a Azare da Potiskum misali, a yi alwala da sallah da cin abinci gaba ɗaya, direba ya miƙe ƙafa, da a yi ta tsinka tafiyar don tsire nan, ruwa can. Addini ma ya sauƙaƙa wa matafiyi da ƙasaru da haɗa salloli, sai ku tambayi malaminku yadda ake yi.

Batun firi kuwa, don Allah ya daina. Dabara ce ta zamanin motocin kafireta. Motar yanzu, in tana cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, kwamfutarta da kanta take yanke mai. In ka sa ta a firi, dole ta riƙa ba injin mai don kada ya mutu. Ba a rage komai ba, an kuma bar birki shi kaɗai da nauyin mota. Na'urar sanyi tana shan mai, gaskiya ne, amma gilasai a buɗe a babban gudu su ma suna kama iska, bambancin bai kai a dafa yara a zafin Yobe ba. Abin da ya fi su tasiri shi ne kayan saman mota, duk abin da zai shiga but a sa shi ciki, da kuma iskar taya. Adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba. A auna da safe tayoyi suna da sanyi, kada a bar mai faci ya yi da ka.

Akwai abin da ya fi mai tsada, kuma ina ganin shi maman yara take gani. Lissafin nan na iska shi ne lissafin birki. Motar da ke 140 tana bukatar kusan ninki biyu na filin da mai 100 take bukata kafin ta tsaya, kuma a wannan hanya saniya ko ɗan acaɓa ko rami ba sa sallama. Dokar hukumar kiyaye haɗurra ta ce ƙaramar mota ta gida kada ta wuce 100 a tagwayen hanya, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. Kada ka ɗauki maganar matarka a matsayin tsoron mata. Ta fi ku gaskiya a nan.

Yadda za ka tunkari Yaya, kada ka yi a cikin mota, kada ka yi a gaban iyali. Babba ba ya son gyara yana riƙe da sitiyari. Ka same shi a gida ana saura mako, ka fara da abin da ya dame shi: "Yaya, ina so bana mu shiga gida kafin la'asar, me zai hana mu tashi da asuba?" In ya yarda da sammako, hujjar gudun ta faɗi da kanta. Sai ka roƙe shi a gwada tafiya ɗaya kada a wuce 100, a cika tanki a Kano har famfo ya tsaya, a rubuta lambar kilomita, a sake cikawa a Maiduguri a ga lita nawa ta ci. Ka bar masa biro da takardar, shi ya yi lissafin. Ka kuma ce za ka karɓe shi daga Azare zuwa Potiskum don ya huta, awa takwas a kan sitiyari ta yi wa mutum ɗaya yawa. In duk ya ƙi, motar taka ce, kuma Hajiya tana da bakin da zai ji.

Kafin ku tashi, ku leƙa tashar motocin Maiduguri ku tambayi direbobin da suka shigo ranar halin da hanya take ciki, da lokacin da ake daina wucewa, domin abin yana canzawa. Ku kuma yanke shawara tun a Kano cewa in wani abu ya tsare ku, taya ko cunkoso, har yamma ta yi muku kafin Damaturu, a nan za ku kwana, ku buga wa Hajiya waya ta ajiye tuwon sai gobe.