Sallah da Giciye a Ofis Ɗaya a Yamai

A ma'aikatun unguwar Plateau da ke Yamai, da zarar an kira azahar sai a ga tabarmi a farfajiya, butoci na ta kai da kawo. A teburin gefe kuma akan sami Kirista, sau da yawa ɗan asalin Benin ko Togo, da giciye a wuya.

Dokar ƙwadago ta Nijar ta 2012 ta hana mai ba da aiki nuna bambanci saboda addini. Amma doka ba ta koyar da zaman tare, kuma mutanen Yamai ba su manta da ƙone majami'u na Janairun 2015 ba.

Abin da ya kamata ma'aikaci ya yi ba shi da wuya. Idan abokin aikinsa ya ce "Allah ya ba da sa'a", ya amsa da amin, ko wane addini yake bi. Kada ya gitta gaban mai sallah. Cikin azumi, wanda ba ya yi ya ci abincinsa a keɓe, mai azumi kuma kada ya harare shi.

Wa'azi ne ke kawo matsala. In ya yi yawa, ko karatu daga waya ya hana aiki, sai ma'aikaci ya ja mai shi gefe su biyu, cikin ladabi. In bai daina ba, a kai maganar ga shugaban sashe.