Saukowar Mahaifa: Ciwon da Ke Bin Dangi

Darasinmu na yau ya shafi wani ciwo da mata da yawa suke ɓoyewa saboda kunya. Sunansa saukowar mahaifa.

Mene ne wannan ciwo?

Mun san yadda ragaya take riƙe ƙwarya a ɗaka. Haka nama da jijiyoyin ƙugu suke riƙe mahaifa da mafitsara da ƙarshen hanji. Idan suka saki, sai mahaifa ta sauko cikin farji, wani lokaci har ta leƙo waje. Mace takan ji nauyi a ƙasan mara, ko ta ji wani abu kamar ƙwallo a gabanta. Fitsari ko bayan gida yakan yi mata wuya. Wannan ciwo daban yake da yoyon fitsari. Ba sammu ba ne, ba kuma aikin iska ba ne.

Ina ruwan gado a ciki?

Wata igiya tun daga tufka take da ƙwari, wata kuwa ba ta da shi. Jijiyoyin jiki ma haka suke, kuma daga iyaye ake gadon ƙwarinsu ko rauninsu. A shekarar 2012 likitoci a ƙasar Holan sun tattara binciken da aka yi a wurare dabam-dabam. Sun gano cewa macen da ake da ciwon a danginta, kamar uwarta ko ƴar'uwarta, haɗarin kamuwarta ya ninka na sauran mata fiye da sau 2. A 2020 kuma masana a ƙasar Aisilan sun gano wurare 7 cikin ƙwayoyin gado masu alaƙa da ciwon.

Amma gado shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Igiya mai rauni takan daɗe idan ba a ɗora mata nauyi ba. Abubuwan da ke ƙara nauyin su ne: yawan haihuwa kusa da kusa, doguwar naƙuda, ɗaukar kaya masu nauyi, tari mai daɗewa, taurin bayan gida, da tsufa. A karkarar Gambiya, binciken da aka buga a 2002 ya sami alamar ciwon ga mata 46 cikin 100 da aka duba. A nan ƙasar Gure ma mun san aikin matanmu: jan ruwa a rijiya mai zurfi, daka, da ɗaukar itace daga nesa.

Me ya kamata mu yi?

1. Uwa ta gaya wa ƴarta gaskiya idan ta taɓa samun ciwon. Ƴa kuma ta tambayi uwa da yayye.
2. Mai ciki ta faɗa wa ungozomar likita wannan labari ranar awo, kuma ta haihu a gidan likita.
3. A bar tazarar shekara 2 ko fiye kafin wani cikin.
4. Maigida ya ɗauke wa mai jego jan ruwa da ɗaukar itace.
5. A yi maganin tari da wuri. A sha ruwa, a ci ganye kamar zogale da rama.
6. Mace ta riƙa matse naman gabanta kamar mai riƙe fitsari, ta saki, sau 10, safe da rana da dare.

Wadda ta riga ta ga alama ta tafi gidan likita mafi kusa, kada ta cusa wani magani a gabanta. Ciwon yana da magani: akwai zoben roba da ake sawa ya tallabe mahaifa, akwai kuma aikin tiyata. Idan abin ya fi ƙarfin asibitin Gure, za a tura ta Damagaram.

Tambayoyi don tattaunawa a aji:

1. Me ya sa ya kamata ƴa ta san ciwon uwarta?
2. Wane aiki maigida zai ɗauke wa mai jego?