Ciwon Wuya: Yadda Ake Auna Illarsa ga Rayuwar Mutum

1.0 Gabatarwa

'Yan'uwana ɗalibai, mun san Hausa tana da "wuya" iri biyu. Akwai wuyan da ke ɗauke da kai, wanda namiji ne, akwai kuma wuyar sha'ani, wadda mace ce. Karin sauti da jinsi ne suka raba su. Ni dai ban fahimci kusancinsu ba sai lokacin da nake rubutun kundin kammala digiri, na kwana uku ina duƙe kan littattafai, na wayi gari wuyana ya sage, ko waiwaye ba na iya yi. Da na je asibiti, likitan gashin ƙashi ya miƙo mini takarda mai tambayoyi goma ya ce in cike. Wannan takarda ita ce maƙasudin wannan ɗan rubutu.

2.0 Girman Matsalar

Wuyan ɗan'adam ƙasusuwa bakwai ne a jere, suna tallafe da kan da nauyinsa ya kai kilo biyar ko kusa da haka. Duk lokacin da aka sunkuyar da kai, nauyin da jijiyoyi ke ɗauka yana ƙaruwa. Shi ya sa mai karatu da mai kallon waya da tela da mai dako duk suke kuka da shi. Wani babban nazari kan cututtukan duniya ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 203 ne suka yi fama da ciwon wuya a shekarar 2020, kuma adadin zai iya kaiwa miliyan 269 a shekarar 2050.

3.0 Ma'aunin Ciwo

Zazzaɓi yana da na'urar da ke auna shi, amma zogi ba shi da ita. Mai ciwo kaɗai ya san abin da yake ji. Hanya mafi sauƙi ita ce a ce ya zaɓi lamba daga 0 zuwa 10, inda 0 ke nufin babu ciwo, 10 kuwa ciwon da ya fi kowane tsanani. Sai dai wannan lamba ba ta faɗin abin da ciwon ya hana mutum yi.

Don cike wannan giɓi ne Howard Vernon da Silvano Mior, masana daga birnin Toronto na ƙasar Kanada, suka fito da Ma'aunin Nakasar Wuya a shekarar 1991, wanda ake taƙaitawa da NDI. Yana tambaya kan abubuwa goma: tsananin ciwo, kula da kai kamar wanka da sa tufafi, ɗaga kaya, karatu, ciwon kai, tattara hankali, aiki, tuƙi, barci da shaƙatawa. Kowace tambaya tana da maki daga 0 zuwa 5, jimla 50. Ga yadda aka saba fassara makin:

0 zuwa 4: babu nakasa
5 zuwa 14: 'yar kaɗan
15 zuwa 24: matsakaiciya
25 zuwa 34: mai tsanani
35 zuwa 50: cikakkiya

Alal misali, ni maki 18 na samu. In an ninka shi biyu ya zama kashi 36 cikin ɗari, wato matsakaiciya. Mafi yawan makin daga karatu da barci ya fito, don haka can aka fara gyara: tsayin tebur da matashin kai. Bayan wata guda na sake cikewa, makin ya sauka. Amfanin ma'aunin ke nan, a san ko magani yana ci.

4.0 Ina Ruwan Ɗalibin Harshe?

Ma'aunin da Ingilishi aka tsara shi, alhali masu ciwo da yawa Hausa suke ji. A shekarar 2016 Bashir Kaka da abokan aikinsa suka wallafa fassararsa ta Hausa. Ƙa'idar irin wannan aiki ita ce a fassara zuwa Hausa, wasu daban su mayar da shi Ingilishi ba tare da ganin na asali ba, kwamiti ya kwatanta, sannan a gwada a kan marasa lafiya.

A nan ake gane gwanin harshe. Bahaushe yana da ciwo da zogi da raɗaɗi da suka da zafi, kowanne da muhallinsa. Wanne za a zaɓa? Haka kuma me za a ce wa tsohuwar da ba ta taɓa tuƙa mota ba, amma kullum tana ɗora gammo ta ɗauki tulu? In kalma ta karkace, maki ya karkace, magani ma zai bi su.

5.0 Kammalawa

A taƙaice, illar ciwon wuya ana auna ta ne da abin da ya hana mutum yi, kuma harshe ne ma'aunin. Sai dai a kula: sanƙarewar wuya tare da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani na iya zama alamar sanƙarau. Haka nan in hannu ya yi sanyi ko ya mace, ko ciwon ya biyo bayan haɗari. Waɗannan ba na cike takarda ba ne, asibiti za a nufa nan take.

Ga aiki gare mu kafin fitowa ta gaba: kowa ya tattaro kalmomin ciwo biyar daga karin harshen garinsu, ya jera su daga mai sauƙi zuwa mai tsanani, mu gani ko jerinmu zai zo ɗaya.