Tsayi Fiye da Kima: Yaushe Ya Kamata a Ga Likita?

Ya ku iyaye, tsayi ba cuta ba ne. Yawancin dogayen yaran da muke gani a Zongon Kwatano gado suka yi, lafiyarsu ƙalau. Sai dai akwai tsayin da ke nuna lalura a ɓoye, kuma gano ta da wuri na iya ceton gani, har ma da rai.

A farkon 2023 BBC ta ba da labarin Sulemana Abdul Samed na Gambaga a arewacin Ghana, wanda ake wa laƙabi da Awuche. An auna shi, tsayinsa ya kai santimita 223, kuma likitoci sun tabbatar lalura ce ta sa shi wannan girma.

Yadda ake ƙiyasta tsayin gado

Ku haɗa tsayin uba da na uwa da santimita. Ga ɗa namiji ku ƙara 13, ga mace ku rage 13, sannan ku raba biyu. Misali, uba 175, uwa 165: ɗansu zai tsaya kusa da 176, ko sama ko ƙasa da kamar santimita 8. Idan yaro ya kama hanyar zarce wannan da nisa, a bincika.

Alamomin da ba a jinkiri a kansu

Ciwon kai mai naci, raguwar gani ta gefe, yawan zufa, da girman tafin hannu, ƙafa ko haɓa. Waɗannan kan biyo bayan ƙari a wata 'yar halitta da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, mai fitar da sinadarin girma.

Dogayen yatsu sirara, ƙirji ya lotsa ko ya turo, baya ya karkace, ido ya raunana. Wannan na iya zama ciwon Marfan, wanda ake gada, kuma yakan raunana babbar jijiyar jinin da ke fita daga zuciya.

Alamun balaga kafin shekara 8 ga yarinya, ko 9 ga yaro. Irin wannan yaro yakan fi sa'o'insa tsayi yanzu, amma ƙashinsa ya daina girma da wuri.

Abin da za a yi a asibiti

Za a auna yaro da iyayensa, a kwatanta da tsofaffin awo. Za a ɗauki hoton ƙashin hannun hagu don sanin shekarun ƙashi, a gwada jini don auna sinadarin IGF-1. Idan ya hau, a shayar da shi ruwan sukari a sake gwaji: ga mai lafiya sinadarin girma sauka yake yi. In bai sauka ba, sai hoton MRI na kai. In ana zargin Marfan, a duba zuciya da ido.

Ku fara da asibitin unguwa; su za su tura ku babban asibitin koyarwa na CNHU Hubert Koutoukou Maga. Masu zirga-zirga tsakanin Kwatano, Legas, Kano da Maradi, ku riƙa tafiya da katin awon yaro da sakamakon gwaje-gwaje, don likitan can ya ɗora daga inda aka tsaya.

Kada ku ba yaro wani magani da sunan tsayar da girma ba tare da likita ba. Kuma ku tsawata wa masu yi masa ba'a, domin kunya kan sa yaro ya ɓoye ciwonsa. Allah ya raya mana su cikin ƙoshin lafiya.