Wasan tuna abu: taimako ga bakin yaro da basirarsa

Iyaye mata da masu wayar da kai na Ajekoriya, ku sani tamowa ba jiki kaɗai take ramarwa ba. Yaron da ta kama yakan yi tsit, ya bar wasa, bakinsa ya yi nauyi. Ko bayan ma'aunin damtse ya koma kore, wannan giɓi ba ya cikewa da kansa, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wasa cikin jinyar tamowa mai tsanani.

A birnin Kingston na ƙasar Jamaika, daga 1986, an bibiyi yara 129 da suka tsumbure. Wasu daga cikinsu an riƙa zuwa gidajensu kowane mako har shekara 2, ana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da ɗanta. Bayan shekara 20, abin da suke samu ya ɗara na waɗanda ba a yi wa haka ba da kashi 25 cikin 100.

Ba sai an sayi komai ba. Ga ɗan wata 9, kife ƙoƙo bisa ludayi yana kallo, ki tambaye shi: «Ina ludayi?» In ya buɗe, ki maimaita sunan. Ga ɗan shekara 3, jera ludayi, takalmi da zangarniyar hatsi a faifai, ku faɗi sunayensu tare, ya rufe ido, ki ɗauke ɗaya, ya faɗi wanda ya ɓace. In ya gwanance, ki ƙara na huɗu. Faɗin sunan shi ne ƙashin bayan wasan. Nuni da yatsa kaɗai bai wadatar ba. Da dare kuwa, a tsakiyar tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da ya saba ji, ki dakata ya ƙarasa.

In ya kuskure, kada a tsawata masa, kada a yi masa dariya. A nisanta wake, gyaɗa da tsakuwa daga wanda bai kai shekara 3 ba, don gudun shaƙewa. Da damina, lokacin da gona ta riƙe uwa, kaka ko yaya na iya karɓar wasan.

Masu wayar da kai, ku gwada wasa ɗaya gaban uwa a kowace ziyara. Yaron da ya ƙi wasa, ya ƙi abinci, ko ƙafafunsa suka kumbura, a kai shi likita ranar nan.