Yadda Za Ka Sauke Bodin Mota Ka Canza Mata Wili A Hoto Da Wayarka

Kafin ka kwashi kuɗinka ka nufi Ƙofar Ruwa sayen wili mai inci 17, ka dawo ka ga bai dace da motarka ba, gara ka fara gwada shi a hoto. Yau za mu yi hakan da ibisPaint X, manhajar da ake samu kyauta a Android da iPhone. Don zane aka yi ta, amma tana da leya, wato hotuna a jere ɗaya bisa ɗaya kamar gilasai, kuma da su za mu yi aikin duka.

Fara da hoto mai kyau

Ka ɗauki motar daga gefe, ka durƙusa har kyamara ta zo daidai da taya. Ka yi da safe ko bayan la'asar, saboda ranar tsaka tana sa inuwa ta yi kaifi, gyaranta kuma ya yi wuya.

Sauke bodi

1. Shigo da hoton, ka kwafi leyarsa ta zama biyu. A ta sama za ka yi aiki.
2. Ɗauki Lasso ka zagaye duk abin da ke saman tayoyi: bodi, sararin sama, gini, komai. Idan ka zo wajen taya, ka zuƙo hoton sosai, ka bi bakin madigadi a hankali.
3. Juya zaɓin, ka goge tayoyi da ƙasa daga leyar sama. Ba su ɓace ba, suna nan a leyar ƙasa.
4. Da Transform, ja leyar sama ƙasa kaɗan har madigadi ya kusa taɓa taya.
5. Yanke saman hoton, inda tsohon bayan ya leƙo.

Kada ka yi zari. Idan bodi ya rufe rabin taya, kowa zai san wasa ne.

Canza wili

Nemo hoton wilin da aka ɗauka daga kusurwa irin ta motarka, mai ƙarshen PNG wanda ba shi da baya. Ka ajiye shi tsakanin leyoyin biyu, don madigadi ya rufe samansa kamar a zahiri. Idan motar ta ɗan karkata, wilin ba zai zama da'ira cikakkiya ba, sai ka matse shi da Perspective Form. Na baya kuma ka ɗan juya shi, don ƙafafun wili biyu ba safai suke tsayawa iri ɗaya ba.

Inda asiri ke tonuwa

Inuwa. Ranar da na fara gwadawa da wata Honda Accord, na tura wa abokai a WhatsApp ina taƙama, sai wani ya tambaye ni ko motar tashi take yi. Na sauke bodi, na manta da inuwa. Mota idan ta matso ƙasa, ƙarƙashinta ƙara duhu yake yi. Saboda haka ka buɗe sabuwar leya a saman wilin, ka mayar da ita Multiply, ka shafa baƙi da burushi mai laushi a ƙarƙashin bodi da saman wili, sannan ka rage ƙarfinsa har ya saje.

Kafin ka ɗora a intanet

Ka rufe lambar motar, musamman idan ba taka ba ce. Kuma idan sayar da mota za ka yi, kada ka sa hoton da ka gyara a talla. Wanda ya biya kuɗin mota daga wani gari, ya zo ya tarar da abin da ba shi ya gani ba, ka cuce shi, ka kuma zubar da mutuncinka.

A darasi na gaba za mu canza launin fenti ba tare da ƙyallinsa ya mutu ba.