Darasi: Kada Tsoro Ya Hana Ka Zuwa Wurin Likitan Haƙori

Mutane da yawa sukan kwana da ciwon haƙori har kunci ya kumbura, saboda tsoron cirewa. Jira yana da haɗari. Mugunya tana iya bin muƙamuƙi ta sauka wuya har ta toshe numfashi. Idan ka ga kumburi da zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗewa, ka tafi asibiti a ranar. Asibitin Koyarwa na Tamale yana da sashen haƙori.

Yadda ake kashe zafi

Kafin a cire haƙori, likita yakan yi allura a dasashi. Maganin da aka fi amfani da shi sunansa lidoken, an haɗa shi a ƙasar Suwidin a 1943. Yana hana jijiya kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa. Cikin minti kaɗan leɓe zai yi nauyi. Za ka ji ana dannawa, ana girgiza haƙorin, amma ba za ka ji zafi ba. In ka ji, ka ɗaga hannu, likita zai ƙara magani.

Maganin kwantar da hankali

Wani tsoronsa yakan yi yawa har jiki ya ɗauki rawa. Irin wannan, likita yana iya ba shi ƙwaya ko allurar jijiya, kamar dayazefam ko midazolam. Ba barci sosai zai yi ba. Zai ji magana, zai amsa, amma hankalinsa a kwance. Wannan magani ba ya kashe zafi, saboda haka sai an haɗa da allurar dasashi. Idan ya yi yawa yana rage numfashi, shi ya sa ma'aikacin lafiya kaɗai ke ba da shi, yana kuma lura da mutum har ya wartsake.

Ka faɗa wa likita

- in kana da hawan jini, ciwon suga, sikila, fuka ko farfaɗiya;
- in kina da ciki ko kina shayarwa;
- in kana shan fito, barasa, tiramadol ko maganin gargajiya. Haɗuwar barasa ko tiramadol da maganin kwantar da hankali tana iya tsayar da numfashi. Ɓoyewa ba ta da amfani.

Bayan an gama

1. Ka cije audugar da aka sa maka har minti 30.
2. Kada ka kurkure baki ran nan. Washegari ka fara da ruwan ɗumi da gishiri kaɗan.
3. Kada ka ci abinci sai nauyin leɓe ya sake ka, don kada ka ciji kanka. Ka fara da koko marar zafi.
4. Babba ya sha farasitamol mai miligiram 500 guda 2, kada ya wuce 8 a kwana ɗaya.
5. In an ba ka maganin kwantar da hankali, kada ka tuƙa babur ko keke har awa 24. Ka zo da wanda zai mai da kai gida.
6. In jini ya ƙi tsayawa, ka komo.

Iyaye, kada ku riƙa tsorata yara da allura. 'Yan'uwa, in kun san mai jin tsoro, ku raka shi.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin allurar dasashi da maganin kwantar da hankali?
2. Me ya sa ba a tuƙi bayan an sha shi?